Na Gina Gidanmu a Talabijin

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ya maigidan naki da yara, ya ƙafar Inna?

Ina sanar da dangi cikin alhini cewa yayanku, da furfurarsa da tabaransa, ya sayi na'urar wasan yara, irin wadda ake jonawa da talabijin. Kada ki damu, lafiyata lau, ɗakin ne yake cika shiru in na dawo daga aiki.

Akwai wasan gini a ciki, sai na gina gidanmu ɗaki-ɗaki. Na'urar takan sako mutane marasa fuska su yi ta yawo a abin da ka gina. Duk sun shiga sun fita, ban da ɗaya. Ya zauna gindin tagar falo, daidai inda marigayi Baba yake zama, ya ba ni baya. Ni kuwa ban sa kujera a wurin ba. Jiya na ji bakina yana yi masa sallama.

Don Allah duba mini, kujerar tana nan? Allah ya yi muku albarka.

Na ce wa Inna ba sai na zo bana ba, waya ta wadatar. Na yi kuskure.

Yayanki.