Litir Goma Sha Biyu Tsakanina da Fannami

Gure, 4 ga Maris 1996

Zuwa ga maiɗakina Kaltumi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da Zara. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni lafiya lau, sai gajiya.

Ga abin da ake ciki. Projen rigakafin da na gaya miki yana neman ƙaramar mota katkat, mai shiga rairayi, guda ɗaya, wadda za ta riƙa kai ma'aikata garin Alakos duk wata, har shekara biyu. Mu biyu muka nema, ni da Fannami mai jar motar nan ta bakin tasha. Madam Habsu, shugabar aikin, mutuniyar garin Tawa ce, ba ta san kowa a nan ba. Ta ce an ƙayyade musu esansi, wato man mota, saboda haka motar da ta fi ƙarancin sha ita za a ɗauka. Ran Alhamis za a cika mana tanki, a ɗora mana kaya daidai, mu je mu dawo, a sake cikawa da ma'auni.

Ba na ɓoye miki, jigila ta mutu a garin nan. In aikin ya kuɓuce, sai na sayar da motar. Amma kada ki damu. Shekara sha ɗaya na yi ina jan babbar mota tsakanin Damagaram da Difa kafin na sayi tawa, ba wanda ya ɗora mini ko dala. Na yi lissafina a takarda. Injina ya fi nasa ƙuruciya, kuma Fannami raƙuma ya yi kiwo kafin ya taɓa sitiyari.

Ki gaida su Yaya.

Mijinki,
Alhasan

Gure, 10 ga Maris 1996

Kaltumi,

Ina gaisuwa, ina tambayar jikin Inna da lafiyarku duka.

Mun je mun dawo. Tawa ta sha litir arba'in da shida, tasa talatin da huɗu. A gabana aka auna, ni na riƙe mazurarin, ba zan ce an cuce ni ba. Sau biyu na kafe a rairayi, ma'aikatan suka sauka suna turi, har ɗayansu ya ƙone hannu a jikin ƙarfe. Da muka isa, mun tarar Fannami ya gama shan shayi, ya tambaye ni wai ko na biya ta Difa ne gaida tsoffin abokai. An yi dariya, ni ma na yi, amma ban ji daɗinta ba.

Kwana biyu na yi a garaji, mun kwance duk abin da ake kwancewa, ba mu ga komai ba. Bayana har yanzu ciwo yake. Daga ƙarshe na je wurin Madam na ce a sake, amma a yi musaya, ya ja tawa in ja tasa, don a gane ko laifin motar ne. Da ƙyar ta yarda. Kin san ban saba roƙo ba. Na fito daga ofishin ina jin kamar na yi dako wuni guda.

Ki sa Inna ta yi mini addu'a.

Naki,
Alhasan

Gure, 17 ga Maris 1996

Zuwa ga Kaltumi,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daga mai kawo saƙo cewa Inna ta fara cin tuwo, na gode Allah.

An sake. Motar Fannami a hannuna ta sha arba'in da bakwai. Tawa a hannunsa ta sha talatin da ɗaya, ƙasa da abin da tasa ta taɓa yi.

Wannan karon na bi bayansa, na ga abin da yake yi. Inda hanya ta ƙare rairayi ya fara, sai ya tsaya, ya durƙusa gaban kowace taya, ya danna bakinta da tsinken ashana, yana sakin iska yana ƙirgawa a ransa, har tayar ta baje kamar tafin raƙumi. Da dawowa kuma ya fiddo famfo ya mayar da iskar da ƙafa. Tun ran farko na gan shi yana haka, na ɗauka tayoyinsa ne suka tsufa. Ni a kwalta na koyi mota, inda aka hore mu cewa taya mai laushi kashe mota ce. Sai na cika su tam, suna haƙa rairayi kamar garma, ni kuma ina ba ta wuta. Na ga abin da idona, Kaltumi, amma na kasa tsayawa in kwaikwaye shi a gaban mutane. Na wuce shi.

Jiya Madam ta kira mu. Ta ce motata suke so, amma da sharaɗi Fannami ne zai ja ta. Hayar mota tawa, ladan tuƙi nasa. Na ce a ba ni wata guda in koya, ta ce allurai ba za su jira ni ba. Fannami bai yi ba'a ba wannan karon, kansa a ƙasa yake. Abin da kawai ya ce shi ne, "Alhasan, zan riƙe ta da amana."

Na fita na zauna cikin motar wajen awa guda. Tun da na kawo ta daga Kwatanu, ba wanda ya zauna a kujerar nan sai ni, in ba ran musayar ba. Na tuna ku, na koma na sa hannu.

Don haka ba za a sayar da ita ba. Yau da safe na kai masa makulli har gida, na nuna masa yadda ake ɗaga ƙofar baya kafin a rufe ta, na dawo da ƙafa. Da nisa ashe, daga unguwarsu zuwa tamu.

Idan Inna ta miƙe, ku shigo motar kasuwa ku taho. Ba zan samu zuwa ɗaukarku ba.

Ki shafa mini kan Zara.

Mijinki,
Alhasan