Abin da Na Fesa wa Audugar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa mai kewa, da fatan kai da iyalinka kuna lafiya, Allah Ya ƙara muku rufin asiri. Mu ma mun gode Allah. Ƙafar Baba ta fara sauƙi, har yana dogara sanda ya kai ƙofar gida. Inna kuwa faɗanta na nan daram, ka san alamar lafiya ke nan.

Yaya, akwai abin da ya hana ni sukuni. Tun da Baba ya kwanta ya damƙa mini gonar auduga, yau kwana ashirin da uku ko ɗigon ruwa ba mu gani ba. Ganye ya yi yaushi, fure na zubowa tsakanin kunyoyi. Na kai kuka wurin malamin gona, ya ba ni wani magani a 'yar kwalba. Ya ce ba taki ba ne, ba kuma na ƙwari ba, aikinsa ya hana auduga zuba tsawo don ta riƙe 'ya'yanta. Ya ja kunnena cewa murfi ɗaya tak a tankin feshi. Da na ga yadda gonar ta galabaita, sai zuciyata ta raya mini ɗaya ba zai isa ba. Da hannuna na zuba biyu, na fesa wa gonar.

Yanzu rabin gonar ya tsaya cak. Ganyen ya yi duhu, ya yi kauri, tsiron ko gwiwata bai kai ba. Jiya malamin ya zo ya tsuguna, ya daɗe yana murza ganye, sannan ya ce idan an yi ruwa cikin kwana goma za ta iya farfaɗowa, in ba haka ba sai haƙuri. Tun daga nan ko iska ta kaɗa labule sai na fita duba sama.

Kullum Baba ya tambaye ni, sai in ce gona lafiya lau. To yau ya ce ranar Asabar a ɗauke shi a amalanke ya gani da idonsa. Don Allah ka kira shi kafin nan ka faɗa masa abin da na yi, maganarka ya fi ji. Da faɗa zai yi, da sauƙi. Tsorona shi ne ya dubi gonar, ya dube ni, ya yi shiru.

Ka gaishe da matarka da 'yan biyu. Inna da Goggo suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Auta