Takalmin Baɗi

Daren Talata, Vaulx-en-Velin

Na kwanta na tashi, barci ya ƙi. Yau Issufu, mai raba mana kayan aiki a masana'antar injin mota, ya zagayo yana tambayar lambar ƙafa, kamar yadda yake yi duk shekara kafin a sayo takalman baɗi. Ya tambayi na damana, ya tambayi na haguna, ya wuce ni.

Na ce, "Issufu, ni ba ni da ƙafa ne?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Kawu, ai naka da sauran ƙarfinsa."

Ƙarya yake, ya kuma san na sani. Shef, wato shugabanmu a wurin aiki, ya rantse ba wanda za a kora, wai mai so ne zai karɓi kuɗin sallama. Ni ban karɓa ba. Amma motar lantarki ba ruwanta da fistan, ni kuwa fistan nake gogewa tun shef ɗin yana rarrafe, da digirina na lissafi da komai.

Hajiya, matata, ta same ni a kicin ina jujjuya takalmin, ta ce lafiya? Na ce gam nake nema. Ƙafar hagun ta daɗe da tsagewa. Na liƙe ta, na ɗora tukunya a kai. Gobe aikin safe gare ni.