Gefen Littafin Malam

Alhamis, 12 ga Mayu 1960

Yau ba karatu a lakwal, makarantar bokon da nake koyarwa, sai zaman kwamitin malamai masu kula da ɗakin littattafai. Na dawo ko tuwo ban taɓa ba.

An yanke a ɗinke littattafan Malam, mahaifina, Allah ya jiƙansa. A ɗinke su irin na Faransa, a sa musu bango, don manyan baƙi su gani ranar bikin 'yancin kai. Littattafan da ya kwafa da hannunsa a zaurenmu na Birni, warƙa-warƙa, kowanne cikin gafakarsa. Bara da aka ce ɗakin littattafanmu duk Faransanci ne, babu namu ko ɗaya, ni na lallashi Inna ta bayar da su kyauta. Abu ɗaya ta ce: "A riƙe su yadda ya bar su."

Ɗinkin bai dame ni ba. Wuƙar ce. Duk littafin da aka ɗinke sai an datse gefensa ya daidaita, na gani da idona a shagon Istifanus mai ɗinkin littattafai a Zango. Shi kuwa Malam a gefe ya yi rayuwarsa. Tsakiyar shafi maganar magabata ce, gefen ne nasa: fassara da Hausa, wani wuri da Barbarci, gyara, gardama da malaman da suka riga shi. Har bakin takarda yake kaiwa.

To wa ya kawo shawarar? Shugaban kwamiti, Mushe Mai Nasara (Mushe laƙabin malaman lakwal ne, daga Faransanci). A takarda kaɗai nake iya kama sunansa, don shi ya haifi Ramlatu matata. Ya ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga. Ni na dubi ƙasa, aka ƙidaya da ni.

Asabar, 14 ga Mayu

Wa ya ƙirƙiro wannan ɗaga hannu ne? Bature ya kawo mana shi, bai tambaya ba ko mutum na iya ɗaga hannu a kan surukinsa.

Talata, 17 ga Mayu

Na aiki Dodo wurin surukina. Dodo abokina ne tun muna aji ɗaya, shi ma ɗan kwamiti ne. Na yi masa bayani dalla-dalla: ka ce wuƙa za ta ci rubutun gefe, ka ce a dakata. Ya ce in kwantar da hankalina, shi ya iya magana da manya.

Ya iya kam! Da yamma surukina ya tare ni a bakin aji, fuskarsa a sake, ya ce Dodo ya gaya masa ina ta damuwa da littattafan, Allah ya yi mini albarka, za a yi musu aiki mai kyau. Na rusuna na ce amin. Na sami Dodo na ce me ka faɗa masa? Wai ya fara da gaisuwa, ya bi da yabon Malam, yana shirin kaiwa ga wuƙa sai aka kira sallah. Matsoracin banza. In ce masa me, ni da na aike shi?

Alhamis, 26 ga Mayu

Wani zaman. An kwashe safiya ana gardama a kan kalar bango, ja ko kore. Manyan malamai, masu koyar da lissafi da tarihin duniya! Ba wanda ya taɓa kwance gafaka ɗaya ya ga abin da ke ciki. Ja ya ci.

Na yi tunanin in je in kwashe littattafan in mayar gida. Amma a hannun surukina na danƙa su, a gaban darakta da dukan malamai. In na karɓe, na ce ban amince masa ba ke nan.

Na gwada Ramlatu. Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Ni in je in ce wa Baba bai san abin da yake yi ba? Ka ji bakinka kuwa?"

Lahadi, 5 ga Yuni

Sallar layya. Na kai cinyar rago gidan surukina. Tun daga ƙofarmu nake shirya maganar, kalma bayan kalma, mai laushi, ba ta da ƙaya. Na cire takalmi a waje, na durƙusa a bakin zaure. Ya tambayi Inna, ya tambayi yara. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne "Allah ya maimaita mana." Tir da ni.

Laraba, 15 ga Yuni

Na je wurin Istifanus da kaina. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama. Ya ce shi ba ya karanta rubutunmu, kuma warƙoƙin ba girmansu ɗaya ba, in ba a datse ba littafin zai fito kamar haƙoran tsohuwa. Amma in shugaba ya ce kar a datse, ba zai datse ba. "Kawo mini magana daga bakinsa, Mushe Alkasum. Shi ya ba ni aikin." Ya ce yana da tulin littattafan Faransanci da zai fara da su, na Malam sai ƙarshen Yuli.

Na ɗan numfasa. Ina da lokaci. Gobe an tura ni Takieta tsaron jarrabawa, in na dawo zan yi magana, ko me za a ce a ce.

Litinin, 4 ga Yuli

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Talata, 5 ga Yuli

Jiya ban iya rubutu ba.

Ina Takieta surukina ya je shagon ya ce a ajiye na Faransa, a fara da babban littafin fiƙihu na Malam. Wai girmamawa ce, bai kamata Malam ya bi layi a bayan Turawa ba. Istifanus ya ce masa na zo da magana a kan gefe. Ya amsa wai ya sani, Dodo ya gaya masa, yaron yana son aiki mai kyau ne, a yi yadda ake yi.

Na tarar da littafin a kan tebur a lakwal, jan bango, sumul. Na buɗe. Kowane shafi an yanke wa Malam magana a baki. Rabin kalma, rabin harafi, wani layin ya tafi gaba ɗaya sai ɗigogin da ke ƙarƙashinsa.

Na ruga Zango neman abin da wuƙa ta zubar. Istifanus ya ce ya tara a kwando a bayan shago, bai zubar ba don ya ga rubutu ne. Ruwan ranar Juma'a ya sauka a kai. Tawadarmu ba ta jure ruwa. Na sa hannu na ɗebo baƙin kunu. Ya tsaya yana ta ba ni haƙuri, idonsa ya yi ja. Shi dai aikinsa ya yi.

Shi fa surukina, kafin a kama shi a kai lakwal, a zauren Malam ya yi karatu. A gaban wannan littafin ya zauna! Faransanci ya cinye masa kai har ya manta inda malaminsa ke rubutu.

Alhamis, 7 ga Yuli

Na yi.

An buɗe zama, surukina ya ɗaga littafin yana nuna wa mutane, Dodo har da "masha Allah". Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizge shi, na buɗe a gabansa na ce, "Baba, karanta mini wannan layin." Ya gyara tabarau. Na ce, "Karanta mana! Kai ne shugaba, kai ka ce a yi yadda ake yi." Na ce kwamitin da bai buɗe littafi ba ba shi da ikon taɓa shi. Na ce sauran gafakan, wanda ya kai su ga wuƙa sai ya fara da hannuna. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Ana jin muryata har filin wasa.

Ya daɗe yana duban shafin, ya juya wani, ya juya wani. Sannan ya rufe, ya ce an tashi.

Ban yi nadama ba. Ban yi ba.

Asabar, 9 ga Yuli

Duk Birni an ji. A masallaci wani tsoho ya amsa gaisuwata da ka kawai. Ramlatu ta ajiye mini abinci ta koma ɗaki, ko sannu.

Na kai wa Inna littafin ta gani kafin in mayar. Ba ta karatu, amma ta san hannunsa. Ta bi gefen da yatsa, a hankali, shafi bayan shafi. Na ɗauka za ta yi kuka. Sai ta ce, "Wannan ya riga ya faru. Amma kai, da gaske ka ɗaga wa surukinka murya a gaban jama'a?" Haba Inna! Wato ni ne mai laifin.

Litinin, 11 ga Yuli

Istifanus ya dawo da sauran gafakan lakwal a kan jaki, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ya ce shugaba ne ya aiko. Ni ba a aiko mini da komai ba.

Laraba, 3 ga Agusta

'Yancin kai. Ganguna tun safe. An ajiye littafin a rufe a kan tebur, baƙi suna wucewa suna yaba jan bango. Surukina bai zo ba, an ce ba ya jin daɗi. Ban je dubiya ba.

Alhamis, 11 ga Agusta

Ana hutu, lakwal ba kowa. Na je da hantsi in kwashe sauran littattafan in mayar wa Inna. Na tarar da ƙofa a buɗe.

Surukina na zaune a ƙasa kan tabarma, ba a kujerarsa ba, ya cire takalmi, littafin a buɗe a gabansa, ga fararen takardu da tawada. Ya rame. Na gaishe shi daga bakin ƙofa, na juya zan tafi. Ya ce, "Hannuna rawa yake yi. Zauna ka rubuta."

Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Na zauna a can bakinta.

Sai ya karanta rabin da wuƙa ta bari, ya rufe ido, ya ƙarasa sauran da ka. Da irin muryar Malam ma, har yadda yake jan ƙarshen magana. Wani wuri ya ce, "A nan ya saɓa wa malaman Kukawa, yana dariya yake faɗa." Na rubuta. Bai ce in yi haƙuri ba, ni ma ban ce ba. Mun yi nisa har rana ta shigo ta taga ta same shi, na tashi na sakaya.

Can wajen babin gado muka kai wani layi da aka rubuta a tsaye, daf da baki. Wuƙa ta tafi da shi duka, saura kalma ɗaya a ƙasa. Sunana ne. Ban taɓa ganinsa ba, an kai ni lakwal kafin karatuna ya iso nan.

Ya rufe ido. Na tsoma alƙalami ina jira. Tawadar ta bushe a baki, na sake tsomawa.

"Wannan bai karantar da mu ba," in ji shi. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Kai ya rubuta wa. Bar fili."

Na bar fili.

Gafakan suna can, ban ɗauko ba, sun yi mini nauyi ni kaɗai. Ban yafe ba. Na dai ce masa ranar Alhamis mai zuwa zan zo da tawada, tasa ta yi ruwa da yawa.