Na Warke, Amma Na Ce Wa Inna Da Saura

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku bari in kai ƙarshe, domin duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi.

Ni malamar makaranta ce a Kankia, amma ba 'yar garin ba ce, aiki ne ya kawo ni da aka shiga buɗe makarantu ko'ina ana neman malamai mata ido rufe. Mijina ya rasu, Allah bai ba mu haihuwa ba, iyayena sun riga mu gidan gaskiya, 'yan'uwa kuwa kowa na can yana fama da kansa. Aka ba ni gida a bayan makaranta, daga ni sai rediyo. Kun dai san abin da zamanin nan na kuɗin fetur ya jawo mana: shinkafa 'yar waje, tumatirin gwangwani, kifin gwangwani, madarar gwangwani. Ni kuwa na rungume su hannu bibbiyu, don wa zan hura wa wuta in tuƙa tuwo? In na taso daga makaranta sai in ɗumama abin da ya samu a risho in ci a tsaye, ko zama ba na yi. Haka na yi ta yi har ranar da na yanke jiki na faɗi a gaban allo. Likita a Katsina ya ce gyambon ciki ne, in rabu da gwangwani da dunƙulen miya na kanti da barkono, in nemi mai dafa mini abincin gida.

Wata abokiyar aikina ta samo mini wata dattijuwa daga Kaikai, can ƙasar Kusada. Zan kira ta Inna, don haka nake kiranta. Ranar da ta iso, ko mayafi ba ta ajiye ba ta shiga madafa, ta ɗaga wannan ta shinshina wancan, ta fito ta ce, "Malama, wannan kika ci har kika kai yau da rai? Lallai Allah na son ki." Ta kwashe gwangwanayen nan kaf, ta cika su da ƙasa ta shuka yakuwa a ciki. Ta ce ita ba ta taɓa hatsin da aka yi wa takin zamani. Gero da dawa daga gonarta ake kawowa, gonar da shanun Fulani ke kwana a cikinta bayan girbi. Daddawa ita ke yin abarta da kalwa, kuka ita ke daka ta, nono da man shanu kuwa wata Bafulatana ce daga rugar wajen Yashe ke kawo mana. Amma ba wannan ne ya kama ni ba. Ranar farko da ta sauke tuwo, na ɗauki kwanona zan shige ɗaki, sai ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Ina za ki? Ni ban iya ba mutum abinci ya juya man baya ba. Zamna." Ta wanke hannu ta sa a kwanona. Rabon da wani hannu ya shiga kwano ɗaya da nawa tun mijina na da rai. Na ci tuwon nan ina haɗiye kuka, ita kuwa ta yi kamar ba ta gani ba, tana ba ni labarin wata akuyarta mai satar dusa. A ranar ta yi mini alkawarin da ban roƙe ta ba: "Ba ni barin gidan nan sai likita ya ce kin warke da bakinshi."

To, ga laifina. Likita ya faɗa da bakinsa. Tun kafin damina ta faɗi na koma asibiti, ya duba ni ya ce na warke sumul, in ci abin da nake so. Wa ake yi wa albishir da lafiya ya ji gabansa ya faɗi? Ni ce. Duk tsawon hanya a mota ba abin da nake gani sai tabarmar nan a naɗe a jingine da bango. Ina shiga gida Inna ta tarye ni da muciya a hannu ta ce, "Mi ya ce?" Na ce, "Ya ce da saura." Wallahi ban shirya ƙaryar ba, fita kawai ta yi. Amma wadda na yi washegari fa, da ta jibi? Su ma fita suka yi? Na koyi dafe ciki in na ji motsinta, na koyi rage loma ina yamutsa fuska, alhali raina na son ƙari.

Inna ta rasa inda ciwon ke samun ƙofa. Ta sake wanke tukwane, ta canza rijiyar da ake ɗebo mana ruwa, daga ƙarshe ta ɗora laifin a kan Bafulatanar nan, wai tana kaɗa garin madarar kanti a cikin nono don ya yi auki. Matar ta dire ƙwaryarta a tsakar gida tana rantsuwa da Allah, tana cewa a kira Malama ta faɗi ko ta taɓa jin ɗanɗanon wani abu. Ina cikin ɗaki ina jin komai. Ban fito ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, kuma har yau in na hango ta a kasuwa sai in canza layi.

Wannan ma da sauƙi a kan abin da ke gabana yanzu. Inna tana da 'ya guda ɗaya tak, ita ce ta fari kuma ita kaɗai ta rayu. Kun san kunyar 'yar fari a wajen mutanenmu na ƙauye: ba ta faɗin sunanta, ba ta nuna ɗokinta, "waccan" kawai take ce mata. Kwanan baya ƙanin mijin Inna ya zo a keke ya ce an kawo yarinyar gida goyon ciki kamar yadda aka saba a haihuwar fari, kuma watan haihuwarta ya tsaya. Inna ta kawar da kai ta ce, "To, ni mi ya shahe ni?" Amma tun daga ranar take daka yajin jego, ta tanadi kanwar kunu, ta ƙulle su a tsumma ta tura ƙarƙashin gado, kullum sai ta jawo ƙullin ta ƙara wani abu ta mayar. Na san ba za ta taɓa buɗe baki ta ce tana son tafiya ba, kunya ba za ta bar ta ba, alkawari ma ba zai bar ta ba. Ni kuma a bayan wannan kunyar tata na laɓe. Wace irin mace ce ke tsare uwar wata a irin wannan lokaci, don kawai kada ta ci tuwo ita kaɗai?

Jiya da rana muna cin abinci na ce, "Inna, ki je mana ki duba yarinyar nan." Na faɗa ne ina addu'a a zuci ta ƙi. Ta daɗe tana mulmula loma ba ta kai baki ba, sannan ta ce, "Waccan na da dangin ubanta cike da gida. Ke in na tahi, wa za ya zamna ki ci?" Ba ta ce wa zai dafa ba. Ba ta ambaci ciwo ba, ba ta ambaci likita ba. Ta tura mini gefen da man shanu ya taru, ta mayar da lomarta cikin kwano, ta ce ita ta ƙoshi.

Jama'a, motar Kusada na tashi ranar kasuwa mai zuwa. In na faɗa mata gaskiya za ta tafi, kuma ban san da wane ido za ta sake kallona ba, balle ta dawo. In na yi shiru, yarinyar nan za ta durƙusa haihuwar fari ba uwarta a kusa, kuma in wani abu ya same ta, ni ce. Ƙullin yajin yana nan ƙarƙashin gado, yau da safe ma na ji tana jawo shi.

Don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?