Gadar Sarki da Kabarin Osmer

Zuwa ga 'yata Leofrun, can arewa bakin teku.

Gaisuwa mai yawa, da fatan Ubangiji ya ƙara miki lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san malaman coci sun kore ni tun ban gama sanin baƙaƙe ba, wai na fi gwaninta a satar cuku. Mahaifiyarki na nan, sai ciwon ƙafa. Aladu kuwa sun fi kowa ƙiba a gidan.

Manyanmu na Marsiya sun miƙa wuya, yanzu sarkinmu ɗaya da mutanen Weseks. An tara mu muka yi rantsuwa, ni ma har da ɗaga hannu. Kogin da yayanki Osmer ya mutu yana tsaron mashiginsa, wai yanzu ba iyaka ba ne, ruwa ne kawai. Na ce ai da sun faɗa mana da wuri.

Sai aka ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya don aikin gadar sarki a kan kogin. Gidanmu saura ni. Wakilin sarki ya ja igiyar awo, ta sauka daidai kan kabarin Osmer, nan ƙafar gada za ta zauna. Na roƙe shi, na yi masa barkwanci, ya ce igiyar sarki ba ta lanƙwasa.

Aka haɗa ni haƙa da wani tsoho ɗan tsallaken kogi, mutumin Weseks, Wigmund, wanda tun safe yake kirana ɓarawon shanu, ni ina ce masa mai bakin kwaɗo. Da muka iso kabarin, na kasa sa shebur. Ya dube ni, ya karɓe shebur ɗin, ya ce, "Zauna, ɗan'uwa, ba za ka tone ɗanka da hannunka ba. Nawa yana ƙarƙashin ɗaya ƙafar, gobe kai za ka yi mini."

Washegari na yi masa. Ban tambaye shi ranar da nasa ya faɗi ba, shi ma bai tambaye ni ba. Mahaifiyarki ta naɗe ƙasusuwan Osmer a mayafinta na biki, mun sake binne shi bayan coci.

In kin zo, za ki haye ƙafarki a bushe. Ni dai har yanzu ta cikin ruwa nake bi.

Ki gaishe da maigidanki Cenwald, da takwarana ɗan ƙarami, da surukarki Eadgyth.

Ubanki mai guntun karatu,
Dudda