Kwanson da na wanke

Asabar, 5 Oktoba 2024

Kulob ɗin harbi, bayan garin Rillieux. Pascal, wanda muke harbi kusa da juna, ya sake yi mini dariya, wai ina tsintar kwanson harsashi kamar kaza. Ya yi ta yi. Tagulla ce; a wanke, a zuba albarushi, a sa kan harsashi, ta koma bindiga. Shi yana ware nasa kashi-kashi, ni bokiti ɗaya nake jibgawa, nawa da na tsintuwa, in goge har su yi ƙyalli. Wanda ya sayar da tsohon firigo, wato firji, a Maradi kamar ni ya san aikin ƙyalli.

Watan jiya ma na cika kwali da kwanson na ba Alhaji Mounkaila, yayan matata Hafsah. Shi ma yana harbi a wani kulob can Paris. Ya tambaya ko sababbi ne, na ce fil. Baki ne ya riga ni.

Asabar, 12 Oktoba

Kulob ɗin harbi kuma.

Na ja kunamar bindiga, sai wani huci mai zafi ya mare ni a kunci. Da na buɗe bindigar gindin kwanson kaɗai ya fito, sauran ya maƙale ciki. Gilashin kariya ya yi baƙi ta dama. Da babu shi fa?

Pascal bai yi dariya ba yau. Ya ɗebo wasu daga aljihuna, ya zura lanƙwasasshiyar waya ciki, ya ce in ji. Akwai rami kusa da gindi. Wai kowane harbi yana miƙar da tagullar, tana sirancewa a nan har ta rabu. Akan ga siririn zobe mai haske daga waje, amma ni na goge komai ya zama haske. Ya tambayi sau nawa na cika wannan. Ina zan sani?

Na Alhaji daga bokitin nan suka fito.

Lahadi, 13 Oktoba

Na ce wa Hafsah radiyatan mota ne ya ƙona ni.

Na kira Alhaji. Gida, iyali, sanyi, kasuwa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, na sake ɗauko ta daga farko. Shi ya kawo zancen da kansa: yana da gasa Lahadi mai zuwa, da kwansona zai shiga. Ba ya sa gilashi, wai yana yi masa hazo. Idonsa na hagu ya daɗe da raunana. Na daman ne ke kan bindiga.

Na ce Allah ya ba da sa'a. Abin da na ce ke nan.

Talata, 15 Oktoba

Na gwada Hafsah, ko za ta ce ya maido kwalin, wai na yi kuskuren girman kwanson. Ta ajiye ludayi ta dube ni: "Maazou, kyautar da ka ba Yaya za ka aika a karɓo? Da bakina?"

Laraba

Duk wanda na gani da bandeji a jirgin metro sai gabana ya faɗi.

Alhamis, 17 Oktoba

Dabara ta samu. Na sayi sababbi na gaske a kanti. Zan je Paris da sunan zancen kwantenar kaya, in ya fita alwala in musanya. Ba wanda zai ji kunya.

Asabar, 19 Oktoba, La Courneuve, gidan Alhaji

Ya riga ya cika su duka. Ga su a jere cikin akwati mai makulli, ya buɗe yana nuna wa baƙinsa biyu, yana cewa mijin ƙanwata ne, mutum mai hannu. Sababbin suna cikin jakata, fanko, ba su da amfani.

Na sha shayi. Na jira baƙi su tafi, suka ƙi tafiya. Lokacin jirgina na matsowa. Na yi ta kallon idon nan na dama yana dariya.

Ban san lokacin da na ɓare filastar kuncina ba. Na ce, "Yaya Alhaji, ba sababbi ba ne. Tsintuwa ce na wanke. Ɗan'uwansu ne ya yi mini wannan."

Ɗaya baƙon ya shiga duba wayarsa. Alhaji ya daɗe yana kallon ƙunar, sannan ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce tun Asabar waccan.

"Kuma ka ce mini Allah ya ba da sa'a."

Ya rufe akwatin, ya ce zai warware su da kansa. Sababbin da na miƙa bai taɓa ba. Bai raka ni ko bakin asansar, na'urar sauka daga bene, ba, shi da yake kai ni har gar, tashar jirgin ƙasa.

Litinin, 21 Oktoba

Na jiyo Hafsah a waya da matarsa: ya shiga gasar da harsashin kanti, ya dawo lafiya, idonsa ƙalau. Hafsah ba ta yi mini magana ba tun jiya. Shi bai ɗaga kirana ba.

Da rana na fitar da bokitin bayan magaza, wato shago, na bi su da guduma ɗaya-ɗaya kafin in kai wa masu tsohon ƙarfe, kada wani mai irin idona ya tsinta. Wasu ma da sauran ƙarfinsu, na sani. Wuri kawai suke ci mini.